Idan na rage volum ɗin jita sautin ya dushe, in sa kondansata ko in bari?

Sani Garwa: Salam 'yan uwa. Ina da jitar lantarki Squier Stratocaster ta gwanjo, mikro (abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya) uku single, wato masu naɗin waya ɗaya, potansiyo (abin murɗa volum) 250k. In volum yana 10 sautin tas yake, amma da na mayar 6 saboda mai waƙa ya samu wuri sai ya zama kamar an lulluɓe ampili (na'urar ƙara sauti) da bargo. An ce in liƙa ƙaramin kondansata (ɗan kayan lantarki irin na cikin rediyo) a ƙafafun potansiyon volum, wai treble bleed. Jitar nan kaɗai gare ni kuma ina da biki ranar Asabar ta sama. In taɓa ta ko in haƙura sai bayan bikin? Wayar da ke haɗa jitata da ampili mita 6 ce.

Ɗan Marwa: Canza ampili kawai ɗan uwa, ni tunda na sayi babba ban ƙara jin wannan matsalar ba

Sani Garwa: Yaya ampilin lafiya lau, a 10 ai ba komai

Malam Teknisiyen: Ba laifin ampili ba ne. Idan ka rage volum, rezistans (abin da ke rage wucewar lantarki) na potansiyo yana shiga tsakanin mikro da waya, ita kuma waya tana da nata kapasitans, wato tana aiki kamar ɗan kondansata, kusan 100pF (ma'aunin kondansata) a kowace mita, to su biyun suna haɗuwa su zubar da siririn sauti. Mita 6 kusan 600pF ke nan. Kondansatan hanya ce ta gefe da siririn zai bi ya wuce. Ka nemi mai lamba 102 a jiki, wato 1000pF, ko 681, wato 680pF, in kana son kaɗan. Ƙafa ɗaya a ƙafar potansiyo inda wayar suwic ɗin zaɓen mikro ta shigo, ɗayar a ƙafar tsakiya, kar ka kusanci ta ukun da ke mas, wato wadda aka liƙa a jikin ƙarfen potansiyo. In sautin ya yi tsini da yawa ka haɗa rezistans 150k gefe da gefe da shi. Fender da kansu sun sa wannan a jitocinsu na American Professional tun 2017.

Baba Solo: Yaro kar ka taɓa wlh. Ni abin da ya same ni har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Saura kwana biyu wani biki a Ngaundere na kai jitata wurin wani mai gyaran rediyo, na rubuta masa 102 a takarda da hannuna. Ya zazzage gwangwanin Nido cike da tarkace a tebur ya zaro wani ɗan kore ya ce duk ɗaya ne. Ashe 104 ne, ninki ɗari. Ga ƙarfen liƙinsa ƙato irin wanda ake sa wa a gawayi, ya danna shi a bayan potansiyon har na ji ƙaurin roba, dalma ta zuba kan fikgad, robar da ke gaban jitar, ta bar tabo. Daren bikin na murɗa volum ƙasa sauti ya ƙi raguwa, daga 10 har 2 ƙara ɗaya sannan ɗif, mai waƙa yana harara ta, amarya na shigowa sai ƙarrr ta mutu gaba ɗaya. Na tsaya riƙe da ita kamar itace a gaban jama'a. Uban ango ya zabge rabin kuɗin, ƙungiyar da na yi shekara bakwai da ita suka ɗauki wani yaro. Da na koma wurin mai gyaran cewa ya yi jitar ce ta tsufa.

Hajjo: Allah sarki Baba, Allah ya mayar da alheri

Malam Teknisiyen: Baba ka yi haƙuri amma wannan laifin mai hannu ne, ba na dabarar ba. Ƙarfe mai wat 30 ko 40 ya isa, daƙiƙa uku ka ɗaga.

Baba Solo: Malam ka taɓa tsayawa gaban mutum ɗari uku da jita a wuya? Ko ko a tebur kaɗai ka san ta

Malam Teknisiyen: Ban iya kiɗa ba gaskiya, amma wadda ta ƙone muku wurinmu kuke kawowa

Abba Kusiri: Kai ku bar faɗa. Sani nawa aka ce maka? Ni a Injamena sefa 5000 na biya har da aiki

Ɗan Marwa: 5000?? sun yanke ka, kondansata sefa 100 ne a kasuwa

Hajjo: Ƙanena 500 ya saya, aka ce masa na asali ne

Idi Bas: Ku fasa rediyon kaka ku ciro kyauta, sai dai ku shirya bayani in lokacin labarai ya yi 😂

Kawu Les Paul: Ni ban sa komai ba. Wayar ton (abin murɗa kaifin sauti) na cire daga ƙafar shiga ta volum na mayar ƙafar tsakiya, irin haɗin Gibson na shekarun 1950, sisi ban kashe ba. Sai dai in ka taɓa ton volum ma yana ɗan motsawa, sai ka saba. Tawa humbaka ce, wato mikro mai naɗin waya biyu, da potansiyo 500k fa.

Sani Garwa: Kawu tawa single ce, ton biyu gare ta, zai yi kuwa? Kuma har yanzu ba wanda ya ce min kafin biki ko bayan biki

Idi Bas: Yanke wayar ta dawo mita 3 ka tsaya jikin ampili

Abba Kusiri: Ina zai tsaya jikin ampili, masu bikin yanzu ai can bayan rumfa kusa da janareto suke tura mu, DJ ne a gaba. Makon jiya waya biyu na jona kafin na kai.

Baba Solo: Shi ne maganar. DJ da ɗan filashin USB ɗaya a biya shi tun kafin ya sauke kaya, mu mutum biyar da ganga da jita sai an watse a ce mu dawo gobe. Wa zai ji siririn sautinka ma a cikin ƙarar janareto

Hajjo: Mu mata masu amshi fa ko kuɗin mashin ba a ba mu, abin da aka liƙa mana ma sai a ce a tara a raba

Abba Kusiri: Wa ke riƙe kuɗin liƙi a ƙungiyarku? don mu nan rigimar da ake ciki ke nan tun bayan Sallah