Wane suna za mu ba “bolantiya”, tun da “ɗan sa kai” ta koma hannun masu bindiga?

Assalamu alaikum, malamaina da ’yan uwa masu kishin harshe. Makon jiya na kawo tambaya a kan kalmar Turancin nan volunteer, wadda samarinmu ke furtawa “bolantiya”, na kuma yi alkawarin dawowa da abin da na tattara daga gare ku, tare da inda ra’ayina ya tsaya.

Ga abin da ya jawo tambayar, domin waɗanda ba su ji ba. A unguwarmu, wajen Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, muna da ƙungiyar samari da ke yashe magudanan ruwa kafin faɗuwar damina, su share maƙabarta, su cike kaburburan da ruwa ya rufta, kuma ba mai biyansu ko kwabo. Da muka tashi rubuta sunan ƙungiya a ƙyalle, sai muka sa “Ƙungiyar ’Yan Sa Kai”. Ba a kwana uku ba wata dattijuwa, wadda rashin tsaro ya koro daga yankin Batsari, ta yi sallama a zaurena, ta ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa mata, ta ce: “Malam, don girman Allah ka cire sunan ɗana daga takardarku, ubansa ma ta nan ya tafi.” Sai da na kai ta ɗakin ajiyarmu ta ga shebur da diga da manjagara da baro biyu, sannan ta sauke ajiyar zuciya. Ba ta yi kuskuren fahimtar Hausa ba. A Batsari da Safana da Jibiya da Faskari, in aka ce ’yan sa kai, ana nufin mutanen da suka ɗauki makami da kansu domin tunkarar ’yan bindigar daji, waɗanda gwamnatocin jihohin wannan yanki suka sha haramta ayyukansu. Kalmar ta tashi daga hannun mai tsintsiya ta koma hannun mai bindiga, muna zaune ba mu lura ba.

Ita kuwa “bolantiya” ba zan goyi bayan a Hausantar da ita ba, duk da cewa harshenmu bai taɓa jin kunyar aro ba, ga asibiti ga likita ga mota. Matsalarta ita ce ta shigo mana da wata ma’ana daban. Ta zo ne ta hannun ƙungiyoyin agaji da shirye-shiryen rigakafi, inda ake ɗaukar matasa aikin ɗan lokaci ana ba su ɗan alawus. Shi ya sa ranar da na ce wa wani saurayi muna neman bolantiya domin sharar maƙabarta, amsarsa ta farko ita ce: “Nawa ne alawus ɗin, Baba?” Ban ga laifinsa ba, domin a haka ya tarar da kalmar.

Shawarar da ta fi samun goyon baya a cikinku ita ce “aikin gayya”, kuma ina ƙaunar kalmar, domin da ita kakanninmu suka nome gonakin juna, suka ɗora jinka, suka gyara hanyoyi. Sai dai in aka duba yadda gayya take, mai gona ne ke gayyata, ya tanadi fura da tuwo, wani lokaci har da gangar noma, kuma wanda ya zo maka yau yana sa ran ka je masa gobe. Ke nan akwai gayyata, akwai kuma ramuwa. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai da asuba ya kawar da ƙaya daga hanya, ba wanda ya kira shi, ba kuma wanda zai rama masa, ba za a ce ya yi gayya ba, alhali shi ne ainihin wanda muke nema wa suna, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka. Don haka gayya ta zauna a matsayinta, ga aikin da jama’a suka taru suka yi a rana guda.

“’Yan agaji” kuma tana da masu ita. Da an faɗe ta, abin da zai zo a zuciya shi ne masu kaki na Jama’atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, ko na ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, suna tsara sahu a filin Idi ko suna taimakon alhazai. “Bautar ƙasa” ta masu kammala karatu ce tun 1973, kuma ita doka ce ta wajabta ta. Wata malamar Islamiyya daga Daura ta kawo “aikin lada”, na kuma daɗe ina juya ta a raina, domin ta fi kowace kusa da niyyar mai aikin. Abin da ya hana ni ɗaukarta shi ne “lada” baki biyu gare ta: akwai ladan da ake jira a lahira, akwai ladan da ake ƙirga wa ɗan ƙwadago da yamma, kuma a takardar hukuma wani zai iya karanta “aikin lada” ya ɗauka aikin biya ne.

Wani malamina ya ce mu koma wa Larabci mu ce “taɗawwu’i”, ya kuma kafa hujja mai ƙarfi, domin saiwar kalmar tana cikin Alƙur’ani, a Suratul Baƙara aya ta 158 da ta 184, da Suratut Tauba aya ta 79, inda aka yi tir da masu zunɗen muminai masu ba da sadaka don ganin damarsu. Allah gafarta Malam, na karɓi hujjar amma ban karɓi kalmar ba, saboda a kunnen ɗaliban fiƙihu ta fi karkata ga nafilar salla da azumi, sauran jama’a kuwa ba su san ta ba.

Amma maganarsa ce ta buɗe mini inda gizo ke saƙa. Yawancin ayyukan da muke magana a kansu ba nafila zalla ba ne. Wankan gawa da haƙa kabari da binnewa farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka yi ta sauka daga kan kowa, in aka rasa mai yi kuma gari duka ya shiga laifi. Saboda haka saurayin da ya ɗauki diga ya nufi maƙabartar Ɗanmarna yana tsaye ne a wuri biyu: ta fuskarsa ba wanda ya tilasta shi, ta fuskar al’umma kuwa bashin da ke wuyanta yake sauke mata. Kalmar da muke nema dole ta ɗauki wannan nauyi biyu, kada ta mayar da aikin alfarmar da mai yi zai yi gori da ita, kada kuma ta mayar da shi aikin dole ko na albashi. Matar nan da ke share masallacin Madina, wadda aka binne ba a sanar da Annabi ba, da ya ji ya ce a nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla, ita ce ma’aunin da nake gwada kowace kalma da shi: shin za a iya kiran ta da wannan suna ba tare da an rage mata daraja ba?

Da wannan ma’auni na tsaya a kan “hidimar sa kai”, mai yin ta kuma “mai hidimar sa kai”, jam’i “masu hidimar sa kai”. “Hidima” ta riƙe ɓangaren haƙƙin jama’a, kuma ban taɓa jin an haɗa ta da makami ba. “Sa kai” ta riƙe ɓangaren ganin dama, kuma ban ga dalilin da zai sa mu sallama tsohuwar kalmarmu gaba ɗaya ba. Na san gidajen rediyo kan ce “masu aikin sa kai”, amma tazarar da ke tsakaninta da “’yan sa kai” ta yi ƙanƙanta ga kunnen da ya riga ya tsorata. Wanda ya ce “hidima” tana kawo hidimar biki a rai, amsata ita ce “sa kai” da ke biye da ita ta toshe wannan ƙofa.

Aibinta guda, na yarda, shi ne tsawo, kuma bakin mutane zai gutsure ta. Roƙona shi ne in za a gutsure a ce “’yan hidima”, kada a yar da rabin farko. Mun riga mun mayar wa mai rubutu ƙyallenmu, sabon zai fito kafin Asabar da za mu shiga magudanar bakin kasuwa, kuma dattijuwar nan ta bar sunan ɗanta a takarda.