Dan Allah ya zan ɗinka ma'ajin kayan ɗinki da kaina?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema gurin masu sana'a. Ni ɗinkin haɗe-haɗe nake yi, irin wanda ake tara ƙyallayen atamfa a yayyanka a haɗa su, a sa soso siriri a tsakiya a bi da ɗinki ya zama abin rufa ko shimfiɗar jariri. To kayan aikina duk a gwangwanin madara ɗaya nake zuba su, almakashi biyu, tef, alli, fil, allurai, bobin (ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasan keke), rula, da wuƙar nan mai taya ta yankan yadi. Jiya garin laluben alli reza ta yanke ni a yatsa wlh jinin da na zubar ba kaɗan ba, kuma ga autana ya fara rarrafe komai ya gani baki yake kaiwa, hankalina ya kasa kwanciya. Ina so in ɗinka wani abu mai aljihuna da kaina tunda ƙyallaye sun min yawa, amma wane yadi zan sa, kuma na rataya ya fi ko na naɗewa?

Anti Mai Keke:
Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu Allah ya kiyaye gaba. Abu na farko kar ki fara yanka yadi tukuna. Ki baje kayan a tabarma yadda kike so su zauna, ki auna kowanne, sannan ki zana aljihunan da alli. Ni na farko da na yi da ka na yanka, na gama tsaf almakashin ya ƙi shiga, rula kuma tana lilo a nata, sai da na farke gaba ɗaya. Ki ƙara kamar inci 1 a faɗin kowane aljihu saboda kaurin abin, na almakashi ki yi shi da zurfi ya haɗiye tsinin duka, hannun kawai za ki gani.

Atamfa ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyi, wata biyu za ki ga bakin aljihun ya saki. Ki samu tsohon wandon jins na maigida ki yi bayan da shi, atamfar ta zama ado a fuska, soson nan naki ki sa a tsakani. Kuma ki canja allurar keke zuwa lamba 16 ko 18 kafin ki hau jins, in kin bar 14 ko ta karye ko ta riƙa tsallake ɗinki. Bakin kowane aljihu ki je ki dawo sau uku dan nan ne yake fara ɓarkewa. Bobin da zare kuma ba sai aljihu ba, roba mai faɗi za ki shimfiɗa ki ɗinke ta gida-gida ki riƙa cusa su. Nawa na rataya ne a bango kusa da keke, hannu kawai nake miƙawa.

Ɗan Tela:
Hajiya duk abin da Anti ta faɗa haka yake, amma ni a ganina tunda akwai yaro a gidan na naɗewa ya fi miki. Na bango yau yana rarrafe gobe ya miƙe ya janyo, ga ƙurar hunturu tana shiga aljihunan ta cika bobin. Ki yi mai marufi a sama wanda zai kifo kan kayan, ki naɗe ki ɗaure da igiya ki ɗora saman wardirob. Rula ce kawai ba za ta naɗu ba in irin doguwar nan ce mai inci 24, ita sai ki mata kube daban. Kuma in kina da faifan da ake yanka a kansa kar ki lanƙwasa shi ko ki bar shi a rana, a kwance ake ajiye shi, in ya karkace ya tafi kenan.

Ƴar Zariya:
Ƴar uwa ki fara wanke atamfar kafin ki haɗa, wata tana zuba wata tana tsukewa in ta sha ruwa, kar ki sha wahala wankin farko ya murɗe miki aiki. Sannan da damina allura da fil suna tsatsa a cikin yadi, ni ƴan ƙullin nan da ke zuwa a kwalin sabon takalmi nake jefawa ciki suna tsotse danshi, amma su ma ki ɓoye wa yaro sosai. Ki nemi mayen ƙarfe, na tsohuwar sifika ma ya isa, in kin tashi aiki ki bi ƙasa da shi ya tsince fil ɗin da ya zube.

Uwar Biyu:
Kai na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na naɗewan zan yi, reza da wuƙar mai taya zan musu aljihu mai zif. Anti tambaya ɗaya, kekena Butterfly ce ta ƙafa, za ta iya cin jins da soso da atamfa a haɗe?

Anti Mai Keke:
Za ta ci mana, irinta nake da ita. Ki buɗe tsawon ɗinkin kaɗan, in kin zo gurin da ya yi kauri ki daina taka ki juya da hannu a hankali. Kaurin kalmasar wandon kuma ki yanke shi ki yar tun farko.