Rumbun bayananmu na jan ƙafa duk ƙarshen wata, wa ya taɓa fama da haka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Kamfaninmu na rarraba kaya ne, PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, muke amfani da shi. Da zarar akantoci sun fara fitar da rahoton wata, sai komai ya tsaya. Kashiya a reshe na zaune tana kallon allo, direba na waje yana danna ham, rasit ya ƙi fita. Oga ya ce a sayi babbar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, kawai a huta.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Malam, kar ku yi saurin zuba kuɗi. Mu mun saya, ba a jima ba ciwon ya dawo. Sai da na kunna pg_stat_statements, mai nuna lokacin da kowace kweri (tambayar da ake aika wa rumbun) ke ci, na ga ashe kweri ɗaya ce ke cinye lokacin. EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke fayyace yadda kweri ke aiki, ya nuna tana karanta teburin rasit tun daga farko har ƙarshe, don babu indeks, wato jerin da ke saurin kai ka ga layin da kake nema, a kan kwanan wata. Ni kuma da zumuɗi na buga CREATE INDEX, umarnin ƙirƙirar indeks, da rana tsaka. Wallahi teburin ya daina karɓar rubutu har aikin ya ƙare, wayata kamar za ta fashe. Da na ƙara CONCURRENTLY, mai barin a ci gaba da rubutu yayin gina indeks, da ban sha wannan kunyar ba.

'Yar Katsina: Ni autovacuum, mai sharar matattun layuka da kansa, shi ne ya koya min hankali. PostgreSQL ba ya share tsohon layi idan aka gyara shi, sabo yake rubutawa, matattun su taru. A saitinsa na asali, sai matattun sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na teburi kafin shara ta fara, ka ga a teburi mai miliyoyin layuka ai an makara. Wanda na gada ma kashe autovacuum ɗin ya yi gaba ɗaya, wai yana cin ƙarfin saba. Na mayar, na rage kashi 20 ɗin a manyan teburan kaɗai.

Baban Yara: Mu da aka fara ƙorafin haɗi da rumbun ya cika, sai muka ɗaga max_connections, iyakar haɗin da rumbun ke karɓa lokaci guda, daga 100 zuwa sama sosai. Abin ya ƙara lalacewa, domin kowane haɗi da nasa rabon a RAM, ƙwaƙwalwar aikin saba. PgBouncer, manhajar da ke sa masu amfani da yawa su yi tarayya a haɗi kaɗan, shi ne ya cece mu.

Ɗan Zazzau: Baba, ai kusan kowa ya faɗa wannan ramin. Mai tambaya, ku kuma kai rahoton akantoci kan kwafi na biyu na rumbun, su bar wa masu ciniki na ainihin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta sa na leƙa pg_stat_activity, mai nuna abin da kowane haɗi ke yi, yanzu. Akwai haɗin da ya buɗe aiki tun safe bai rufe ba, shi ya hana shara tafiya. Daga kwamfutar babban akanta yake, shi kuma ya fita sallar la'asar. Ina jiran ya dawo kafin na yanke.