Mafarki, annabci ko kwanciyar rai: da wanne ake gane muryar Allah?

Ɗan Aboabo:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Idan mai bi yana gaban babbar shawara, kamar aure, ko barin rumfarsa a kasuwar Kejetia ta Kumasi ya tafi ci-rani, ko cin bashi don ƙara jari, ta yaya zai bambance muryar Allah da ta zuciyarsa? Wasu sun dogara ga mafarki, wasu suna hawa Atwea, dutsen addu'a, su yi azumi, wasu kuma wurin annabi suke zuwa neman abin da Asantawa ke kira akwankyere, wato nuna hanya. Iyayenmu, a ba mu matakan da mutum zai iya bi.

Dattijon Asawase:
Ɗana, fara da rubuta shawarar a jimla ɗaya, ka sa kwanan wata. Wanda ya kasa rubuta ta bai san abin da yake roƙo ba tukuna. Sai ka duba ko Littafi Mai Tsarki ya riga ya yi magana a kai. In abin ya ƙunshi ha'inci a mudu, ko gudun bashi, ko watsar da iyali, babu azumin da zai sauya amsar.

Inda ake yawan kuskure shi ne buɗe Littafi da ka, a ɗora yatsa a kan aya a ce Allah ya yi magana. Wannan ƙuri'a ce kawai. Karanta surar gaba ɗaya, ka ga da wa ake magana, kuma a wane hali.

Bayan haka sai lissafi, wanda Yesu da kansa ya ambata a Luka 14:28 game da mai gina hasumiya. Nawa ne jarin, nawa ne ruwan bashin a wata, sidi nawa gida ke ci? Sannan ka kai maganar ga mutum biyu ko uku da suka manyanta cikin bangaskiya. Ɗaya ya san sana'ar, ɗaya kuma ya zama ba shi da riba ko ka tafi ko ka zauna. Ka ba abin mako biyu ko uku kana addu'a, ka koma ga rubutunka ka ga ko nauyin yana nan ko zafin rana ɗaya ne.

Malamar Zumuntar Mata:
Baba ya gama da tushe. Ni kan mafarki da kwanciyar rai zan yi magana, don nan ƙafa ta fi zamewa. Mai Hadishi 5:3 ya nuna yawan ɗawainiya na kawo mafarki. Wanda ya kwana da tunanin biza, ba mamaki ya ga jirgi. Allah yana magana ta mafarki, amma duba Ayyukan Manzanni 16: sai da aka hana Bulus wa'azi a Asiya, aka hana shi shiga Bitiniya, kafin wahayin mutumin Makidoniya ya zo masa a Taruwasa. Kuma a aya ta 10 shi da abokan tafiyarsa ne suka tabbatar tare.

Buɗaɗɗiyar ƙofa ma ba hujja ba ce. Yunusa ya sami jirgi a Yafa, ya biya kuɗin, har ya yi barci mai nauyi ana hadiri, alhali gudun Allah yake yi. Yesu kuwa a Getsamani yana cikin baƙin ciki matuƙa, yana kuma tsakiyar nufin Uba. To, da wanne za ka auna?

Kan azumi: kada a yanke shawara a rana ta uku ba ci ba sha. Da Iliya ya gaji, barci ya yi, abinci da ruwa kuma mala'ika ya fara ba shi, murya ta zo daga baya a Horeb. Mai ciwon suga, mai gyambon ciki da mai juna biyu su ga likita kafin su fara.

Mai bishara, Sabon Zongo:
Kan annabawa, 1 Tasalonikawa 5:20-21 ta haɗa abu biyu: kada a raina annabci, amma a gwada kome. A 1 Korantiyawa 14:29 annabi na magana ne sauran suna aunawa. Don haka wanda ya ce kada ka gaya wa fastonka ko matarka ya riga ya faɗi jarrabawa. Haka wanda ya sa farashi, ya ce a tura ta MoMo, wato aika kuɗi ta waya, kafin gari ya waye, ko ya ce ka daina shan maganin asibiti, ko ya nuna gwaggonka ya ce ita ce mayya. Tsoratarwa ta yi yawa har 'yan sandan Ghana suka ja kunne a Disambar 2021 kan annabcin daren 31 ga Disamba mai firgita jama'a.

Ko maganarsa ta cika, ba a gama ba. Maimaitawar Shari'a 13 ta ce in alamar ta faru amma yana janye ka daga Ubangiji, kada ka bi shi. Ka kuma raba saƙo da fassararsa. Annabi Agabas ya faɗi gaskiya cewa za a ɗaure Bulus a Urushalima, 'yan'uwa ne suka fassara shi da "kada ka je", Bulus kuwa ya je.

Ɗan Aboabo:
Na gode, Baba da Mama. In an yi duk wannan amma shiru fa?

Dattijon Asawase:
In hanyoyin biyu duka halal ne, masu shawara ba su ga rami ba, lissafi kuma ya tsaya, ka roƙi hikima bisa Yakubu 1:5 ka zaɓa. Amma fara da matakin da za a iya warwarewa. Kada ka saki rumfar. Ba amintacce ya riƙe ta wata uku, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, ka ajiye kuɗin motar dawowa daban.