Tokyo Ghoul: in bar ƙanena ya kalla ko in hana shi?

Ummu_Haidar: Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 13 ya dame ni in sa a tura masa Tokyo Ghoul, wai katun ne. Abin da na ji kawai shi ne dodanni ne masu cin naman mutane, suna sajewa da jama'a. Kuma wayar Hajiyarmu yake amfani da ita. Waɗanda suka kalla, me kuka gani?

Sadiq_K: Wa alaikumus salam. Ki tsaya a zangon farko na 2014, kashi 12 ne. Na biyun ya kauce wa littafin Sui Ishida da aka ɗauko labarin daga ciki, ɓata data ne.

Deeje: Ni ba jinin ne ya tsaya min a rai ba. Wurin da Kaneki, jarumin fim ɗin, ya sa abinci a baki bayan an dasa masa kayan cikin Rize, wata dodanniya, ya ji kamar ruɓa, ya amayar. Sai kuma ranar da jami'in CCG, hukumar farautar dodannin, ya kashe mahaifiyar Hinami, wata ƙaramar dodanniya, yarinyar na laɓe kusa. Daga nan na rasa waye dodon.

Maman_Ilham: 'Yar uwa, kada ki soma. Na ba mai tura finafinai a unguwarmu waya na ce ya zuba wa yara katun. Na dawo daga kicin na tarar da 'yata mai shekara 7 ta ƙura ido ana cusa wa yaron nan Kaneki shanshani a kunne, ana yanke masa yatsu. Ta daina kwana ita kaɗai, har toshe kunne take yi da auduga. Surukata ta ce iska ce, aka kai ta ruƙiyya, maigida ya ɗora min laifi. Da na koma shagon sai ya ce "Hajiya, ai katun kika ce." Naira 500 na biya.

Sadiq_K: 500? An cuce ki, 200 ake tura zango a wurinmu.

Bash: Mu 100 kowane kashi. Amma dodannin nan ban da mutum, ruwa da gahawa kaɗai suke iya sha, da a nan suke mai shayi ya rufe tebur 😂

Sadiq_K: Anti, shekara 7 daban, 13 daban. Kuma ƙarshen kawai kika gani.

Maman_Ilham: Ƙanena, ka haifi naka tukunna ka zo mu yi magana.

Deeje: Sadiq ya kalla duka, ke Maman Ilham kin ga abin da ya yi wa yarinya. Ni dai ba zan ba ɗan 13 ba.

Ummu_Haidar: To an ce akwai wanda aka dusashe wuraren jinin, shi fa?

Bash: Masu shagon nan ko sunan fim ba sa karantawa, in dai zane ne sai su jefa shi cikin na yara. Ni Tom and Jerry na nema wa ɗan yayana, aka haɗo min da wani da ba zan iya faɗa a nan ba.

Maman_Ilham: Namu ma hotunan bikina ya goge don ya samu wurin zuba nasa.