Fullmetal Alchemist ko Demon Slayer: wanne zan tura wa ƙannena a hutun nan?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Ƙannena biyu sun samu hutun makaranta, namijin shekararsa 14, macen 11, na kuma yi musu alƙawarin za mu riƙa kallon anime ɗaya, wato katun ɗin Japan, tare bayan Isha'i, kashi biyu ko uku kullum. Na tsaya tsakanin Fullmetal Alchemist: Brotherhood mai kashi 64 da Demon Slayer. Abin da nake so uku ne: labarin ya zama ya ƙare, don hutun bai da tsawo, kada ya zama mai tsiraici, don a falo za mu kalla, Hajiya tana shiga tana fita, sannan dubu biyar kawai na ware, har da kuɗin turawa. Wanda ya kalle su, musamman tare da yara, ya faɗa min abin da ya gani. Don Allah kada a ba ni labarin ƙarshe.

Kyaftin Mai Malfa:
Wa alaikumus salam. One Piece, ɗan'uwa. An gama magana.

Ummu Hanif:
Kyaftin, ka karanta abin da ya rubuta kuwa? Ya ce labarin da ya ƙare. One Piece tun 1999 ake yi, kashi ya haura 1,100. Kafin su gama ai ƙanwar ta shiga jami'a.

Kyaftin Mai Malfa:
To ai shi ne daɗin, Anti. Ya haƙura da zanen farko-farkon, idan ya kai ɓangaren Wano zai yi min addu'a. Kashi na 1071 kaɗai ya isa mutum ya yafe duk jan ran da aka yi masa a ɓangaren Dressrosa.

Malam Na Samaru:
Na kalli su biyun, bari in yi maka bayani yadda na gani. Demon Slayer ƙarfinsa a zane yake. Kamfanin ufotable ya zuba aiki, idan jarumin, Tanjiro, ya zare takobi ruwan nan yana bin bayansa kamar an zana shi da alƙalami a gabanka, kuma kashi na 19 a zangon farko har yau ina komawa in sake kallo. Amma labarin miƙaƙƙe ne: a je wuri, a haɗu da aljani, a sare masa kai, sannan a nuna maka wahalar da ya sha lokacin yana mutum don ka tausaya masa. Sau ɗaya sau biyu yana taɓa zuciya, idan aka yi ta maimaitawa sai ka fara gane inda za a. Ga Zenitsu da ihunsa, ni da dare sai na rage murya.

Brotherhood kuwa zanensa na 2009 ne, bai da wannan walƙiyar, amma bai tsufa ba, faɗansa a tsabtace yake, kana ganin wa ya bugi wa. Inda ya yi zarra shi ne labari. Duk abin da aka jefa a farko sai an dawo an ɗauke shi. Ba jaruman, Edward da Alphonse, kaɗai ba, Mustang, Hawkeye, Scar, kowa da dalilinsa. Kuma matan ciki ba ado ba ne, ka ga Olivier Armstrong ka san me nake nufi. Rauninsa ɗaya da na sani: kashi goma sha na farko suna gudu da yawa, saboda an riga an ba da wannan ɓangaren a Fullmetal ɗin 2003.

Sannan Demon Slayer bai cika sharaɗinka na farko ba. Na talabijin kashi 63 ne, ƙarshen labarin kuma a finafinai uku ake yin sa, na farkon ya fito a 2025.

Gwanin Takobi:
Labari labari kullum. Malam, yara ne fa za su kalla, ba 'yan jami'a ba. Yaro ɗan 14 wuta yake so ya gani. Fim ɗin Demon Slayer, Mugen Train, shi ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a 2020, mutanen nan duka ba su san labari ba ne?

Ummu Hanif:
Ni da 'ya'yana na kalla, don haka maganar falo zan yi. Zangon farko na Demon Slayer ba matsalar sutura sosai, sai dai jini, tun kashi na ɗaya aka kashe iyalin yaron. Amma zangon da suka shiga unguwar Yoshiwara, unguwar mata masu zaman kansu ce, kuma shigar aljanar nan Daki ba ta falo ba ce ko kaɗan. Rimot na riƙe a hannu har muka wuce. A Brotherhood akwai mace ɗaya, Lust, rigarta a buɗe take ta sama, amma ba a mayar da hankali kai ba. Abin da ya fi ba ni aiki shi ne tambayoyi. Labarin ya faro ne da yara biyu da suka yi yunƙurin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu, ɗaya ya rasa ƙafa da hannu, ɗaya ya rasa gangar jikinsa duka. Sai da na tsayar na yi wa nawa bayani cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma shi kansa labarin abin da yake nunawa ke nan. Kashi na 4 kuma, ka fara kallonsa kai kaɗai kafin ka nuna wa 'yar 11 ɗin.

Bawan Allah 37:
Ƙanina, kowanne za ka zaɓa, ka riƙe sharaɗinka na "ya ƙare" da hannu biyu. Ni abin da ya same ni ba na fatan ya samu kowa.

A 2019 ina kwance a gida, na yi hatsarin babur, ƙafata a ɗaure wata uku. Wani abokina ya turo min The Promised Neverland, kashi 12. Wallahi a dare ɗaya na cinye shi, sai kiran assalatu na ji. Yara ne marayu a gida mai kyau, ana ba su abinci, ana koya musu karatu, da wata mata da suke kira Mama, ashe kiwon su ake yi. Babu takobi, babu ƙarfin tsiya, Emma da Norman da Ray da ƙwaƙwalwa kawai suke yaƙi. Akwai wurin da Isabella, wato Mamar, take murmushi tana taɓa Emma tana jin bugun jininta, ni da nake kwance sai da na ji nawa ya ƙaru. Na sa ƙannena suka kalla, na sa maƙwabta, har mai shayin layinmu sai da na tura masa.

Shekara biyu muna jiran zango na biyu. Da ya fara a Janairun 2021 muka yi karo-karo, ni nake sayen data duk sati in sauke, mu taru mu bakwai a shagon ɗinkina a kan waya ɗaya, a jingine ta da keken ɗinki. Kashi na ɗaya da na biyu lafiya lau. Daga nan abu ya fara rikicewa. Wanda ya karanta littafin zanen da aka ciro labarin daga ciki, wato manga, a cikinmu ya ce akwai wani babban ɓangare, Goldy Pond, an tsallake shi gaba ɗaya, har da mutumin da ya fi kowa so a labarin. Zangon farko babi 37 ya ɗauka a kashi 12, littafin kuma babi 181 ne, sai aka ce sauran duka a kashi 11 za a cusa. Mutumin da aka sa mu kuka saboda shi ya dawo haka kawai, ba shiri. Matsalar da ya kamata ta ci zango guda sai a warware ta da magana biyu. Daren kashin ƙarshe na sayo lemo da kuɗina. Aka zo ƙarshe sai hotuna tsayayyu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya isa zango uku aka nuna shi a 'yan mintuna. Shagon ya yi tsit. Mai shayi ya miƙe ya ce, "Wannan ka tara mu wata uku a kai?" Har yau idan na ce wani anime yana da kyau a layinmu ba mai saurare na.

'Yar Maraɗi:
Allah sarki Yaya, ni ma ya ci ni. Kashi biyun ƙarshe ko sunan marubuci ba a sa ba.

Gwanin Takobi:
Naka da sauƙi. Ni Seven Deadly Sins ne. Shekaru ina jiran faɗan Escanor da Meliodas, da aka zo zango na uku an canja kamfani, fuskoki suka karkace, jini ma fari aka mayar da shi.

Kyaftin Mai Malfa:
One Punch Man fa? Zangon farko na Madhouse a 2015 kamar a lashe allo. Na biyu hannun Genos kamar an liƙa masa kwanon rufi. Shi ya sa nake cewa One Piece, kamfani ɗaya tun farko.

Ɗan Gwammaja:
Allah Ya ƙara lafiya Yaya Bawan Allah, na ji abin a raina. Anti Ummu Hanif na gode, zan duba kashi na 4 ɗin. To maganar kuɗin fa? Dubu biyar za ta isa kashi 64?

Sarkin Giga:
Har da canji. A unguwarmu dubu ɗaya da ɗari biyar ake tura Brotherhood duka.

Gwanin Takobi:
Wace shekara? Satin da ya wuce naira ɗari-ɗari aka ce min kowane kashi. 64 ka ga dubu shida da ɗari huɗu ke nan, kuɗinsa bai kai ba.

Sarkin Giga:
An ga fuskarka ne. Ba a ciniki da kashi, da giga ake yi. Mai ƙaramin hoto duka bai wuce giga biyar ba.

Malam Na Samaru:
Mai ƙaramin hoto a waya ne yake kyau. Shi a talabijin zai saka, zai farfashe. Idan Demon Slayer ne ma asara ce, ka cire zanen me ya rage?

'Yar Maraɗi:
Nan wajenmu jaka ɗaya na biya, amma da na zo gida sai na tarar na 2003 ne mai kashi 51, ba Brotherhood ba. Ka tsaya a gabansa ka buɗe, ka ƙirga, ka ga 64. Kuma ka duba rubutun ƙasa, nawa rabi da Faransanci ya zo, rabi babu komai.

Tsohon Hannu:
Ina ta karatu ina shiru. Yawancin masu ba da shawara a nan da Demon Slayer suka buɗe ido a 2019. Mu da muka kalli Naruto a faifan CD, kashi 220 sannan Shippuden 500, muka haɗiye cikon nan, wato labaran da babu su a littafin, daga wajen kashi na 136 har ƙarshen na farko ba tare da mun san ciko ne ba, mu ya kamata a tambaya. Kuma wanda bai karanta manga ba bai isa ya yi hukunci a kan labari ba.

Gwanin Takobi:
Baba, shekaru ba hujja ba ne. Wanda ya zauna ya kalli kashi tamanin na neman ƙwaro da rakiyar 'yan kasuwa shi ne zai koya mana zaɓe?

Ummu Hanif:
Ba manga ya tambaya ba. Ya ce wanda ya kalla da yara. A cikinku wa ya taɓa zama da 'yar shekara 11 a gefensa yana kallo?

Tsohon Hannu:
Hajiya, ban raina maganarki ba. Ni ma Brotherhood ɗin zan ce. Mace ce ta rubuta shi, Hiromu Arakawa, kuma an bi littafinta har ƙarshe. Ranar da aka binne Hughes, 'yarsa tana cewa kada a rufe babanta da ƙasa yana da aiki, ni babba da ni sai da na share hawaye.

Ɗan Gwammaja:
Haba Yaya! Na ce kada a ba ni labari.

Tsohon Hannu:
Afuwan, wallahi suɓutar hannu ce. Amma a farko-farko ne, kashi na 10.

Sarkin Giga:
Ya gyara ta da ƙara faɗin lambar kashin 😂

Kyaftin Mai Malfa:
To don a yi adalci, Rengoku na Demon Slayer ma ba ya sauka daga tafiyar jirgin nan da rai. Yanzu an yi kunnen doki, sai a dawo One Piece.

Ummu Hanif:
Kyaftin wannan ba wasa ba ne. Ɗan Gwammaja ya roƙe ku tun a saƙonsa na farko. Ina masu kula da zauren nan? An sha cewa a sa doka a kan masu fasa labari, ba a yi ba.

'Yar Maraɗi:
Gaskiya abin ya yi yawa. Ni Attack on Titan shekara goma ana yin sa, daga 2013 zuwa 2023, na ƙi karanta littafin don in gani da idona. Saura kwana biyu in samu kashin ƙarshe, na buɗe WhatsApp sai ga hoton ƙarshen a sitatus ɗin ɗan ajinmu, har da rubutu a ƙasa. Ban sake yi masa magana ba sai bayan salla.

Tsohon Hannu:
Amma a faɗi gaskiya, abin da ya fito tun 2009 har yaushe za a yi ta rufa-rufa a kansa? Ya kamata a sa wa'adi. Shekara biyar, bayan nan kowa ya yi maganarsa.

Malam Na Samaru:
Wanda bai kalla ba, ko na 1999 ne sabo ne a wurinsa. Ni Death Note a aji wani ɗalibina ya fasa min, ina kashi na 20.

Gwanin Takobi:
Ni na goyi bayan wa'adi, amma shekara biyu.

Bawan Allah 37:
Ni da wani ya fasa min zango na biyun nan tun farko, da na gode masa, da kuɗin datana yana aljihuna.

Ɗan Gwammaja:
Gobe da safe zan je wurin mai turawa. Anti Ummu Hanif, naki da rubutun ƙasa kuka kalla ko wanda aka yi wa muryar Turanci? Ƙanwar tawa ba ta da saurin karatu.

Ummu Hanif:
Zan amsa maka, bari in gama da Kyaftin tukuna. Kyaftin, ka goge saƙon nan ko in kai ƙararka wurin masu zaure.