Gwarzo ne ko ɗan bam?

Ɗan Agadas: Jama'a, kwana uku ina saka abu ba mai tankawa, amma da hoton ɗan ƙwallo ne da kun cika wuri. To ku ji wannan. Ranar 4 ga Afrilu 1943 wani jirgin yaƙin Amurka ƙirar B-24 ya tashi daga Soluch, kusa da Bingazi, zai kai hari birnin Naples na Italiya. Mutum tara ne a ciki, fitarsu ta farko kenan. Da dare wajen dawowa suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka yi ta nutsawa cikin hamadar Libiya har mai ya ƙare, suka diro da lema. Ɗaya nan take ya mutu. Takwas suka nufi arewa a ƙafa da rabin gorar ruwa, suna zaton teku na kusa. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin, gawarwakin kuwa sai 1960. Ta ɗaya daga cikinsu, Vernon Moore, har yau ba a gan ta ba. Wanda ya san ƙishin hamadar Tenere ya san wannan gwarzo ne.

Bakano: Gwarzo? Mutum ya ɗauko bam zai zuba wa mutane, ya ɓata hanya, shi ne gwarzo?

Ɗan Agadas: Yaya, tafiyar nake nufi, ba bam ɗin ba.

Malam Na Bakin Kasuwa: Gwarzo a Hausa mai juriya ne. Ba a ce waliyyi ba.

Bakano: Malam, da girmanka. Su ne fa suka dawo suka yi wa Tarabulus ruwan bama-bamai a 1986, suka taimaka aka ƙarasa Gaddafi a 2011.

Maman Biyu: Wanda ya mutu a 1943 ne ya kashe Gaddafi? Kai Bakano ka ji tsoron Allah.

Jikan Soja: Ni abin da ke ƙona min rai, kakana ya yi yaƙin Boma, ya dawo da ciwon ƙafa da lambar tagulla a cikin gwangwani. Wa ya taɓa ce masa gwarzo a nan?

Bakano: Yaƙin Bature ya je yi, shi ma.

Jikan Soja: Ka fita harkar kakana.

Maman Biyu: Wai Boma ɗin nan ba daga bam aka samo ta ba?

Malam Na Bakin Kasuwa: A'a Hajiya, ƙasar Burma ce, Myanmar ta yanzu.

Ɗan Agadas: Mataimakin matuƙin, Robert Toner, yana rubuta abin da ke faruwa kullum har ƙarfinsa ya ƙare. Ba wanda zai tambaye ni me ya rubuta?

Shugaban Zaure: Na rufe maganar nan. A taƙaice, kowa ya yarda sojojinmu na Boma su ne gwarazan gaskiya, kuma Bakano ya nemi afuwar Jikan Soja. Ni ma kawuna ya je.

Bakano: Yaushe na nema?